Ta'aziyyar Baba Tafinta, Wanda Muka Daina Yi Wa Gardama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Tafinta a ɗakinsa bayan doguwar jinya. Ina cikin kemis ina zuba wa wata mata maganin hawan jini a leda, sai ga Dogo tela a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyansa, ko sallama bai yi ba. Mutumin da ko gobara ake yi ba ya barin keken ɗinkinsa, da na gan shi tsaye yana kallona na san babu lafiya. Ya ce, "Baba ya cika." Na miƙa wa matar maganinta, na ja ƙofar shago na rufe. Bayan azahar aka yi jana'iza, kuma jama'ar da ta taru ta isa shaida. Na ga tsofaffin ma'aikatan kotu, na ga 'yan kasuwa, na ga mutanen da ban taɓa sanin sun san shi ba, kowa da labarin alherin da ya yi masa.

Baba, akwai waɗanda suka fi ni cancantar rubuta wannan. Na ɗauki alƙalami ne don a bayan shagona ka yi zaman yammacinka shekara da shekaru, kuma a nan muka yi maka abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Zan faɗi alherinka, zan kuma faɗi wancan, domin kai ba ka son a ba da rabin magana.

Ga wanda bai san mu ba, bayan kemis ɗina akwai 'yar baranda mai rufin kwano. Tebur ɗaya ne a ciki, mai gurguwar ƙafa, muna tokare shi da kwalin magani. Akwai benci biyu, da kujerar roba guda wadda kowa ya san ta Baba ce. A nan muke wasan jera haruffa bayan la'asar. Allo ne mai ƙananan gidaje, da jaka cike da 'ya'yan katako, kowane ɗa da harafin Turanci a jikinsa da makinsa. Kowa ya zura hannu ya ɗebi bakwai ya ɓoye a gabansa. In layi ya zo kanka, sai ka jera kalmar Turanci a allo ta sarƙe da wadda ke can. In kalmar da wani ya jera ba ta kwanta maka ba, sai ka ce, "Ban yarda ba," a buɗe ƙamus. In babu ita a ciki, ya kwashe haruffansa ya yi asarar layinsa. In akwai ta, kai ne ka yi asarar naka. Iyakar wasan ke nan, amma a kansa magidanta masu furfura suke yin kwana biyu ba sa gaisawa. Mu huɗu ne 'yan gida: kai, da ni, da Dogo wanda ke rubuta maki, da Lauya, ƙaraminmu, wanda ya fi mu duka zafin kai.

Kai ka kawo allon, kai kuma ka kafa dokar da ba a san ta a wani wuri ba. Duk wanda ya jera kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa, in ya kasa ba shi da maki ko da tana cikin ƙamus. Lauya ya sha yin ƙorafi a kan wannan. Shi yana zuwa gasa a manyan ɗakunan taro, inda ake haddace dubban kalmomi kamar lambobin waya, ba mai tambayar me suke nufi. Yakan ce dokarka tana ɓata masa lokaci. Kai kuma sai ka ce masa wanda ya ajiye baƙo a gidansa bai san sunansa ba, ranar da aka yi sata ba shi da bakin magana. Daga nan sai ka ɗebi haruffanka ka bar shi yana ƙunƙuni.

Ta wannan doka muka san cewa kayan da muka taso muna gani a tsakar gida suna da suna a bakin Bature. Ba na manta ranar da ka jera ADZE, Lauya ya yi tsalle ya ce bai yarda ba. Aka buɗe ƙamus, ga ta nan. Ka dube shi ka ce, "Gizago ne, ɗan nan. Kakanka ya sassaƙa turmi da shi." Wata rana ka kawo QUERN, ka ce dutsen niƙa. Wata rana AWL, ka ce basilla, ka kuma ja wa Dogo kunne cewa tela guda bai kamata a ci shi da kayan ɗinki ba. Dogo ya ce shi ba baduku ba ne. Aka yi ta dariya har mai shayi ya leƙo ya ga ko lafiya. Ba ka taɓa faɗin ma'ana a bushe ba. Sai ka haɗa ta da wani mutum, ko wata shari'a da ka yi wa tafinta, ko wani abu da ka gani a ƙuruciya, har kalmar ta zauna wa mutum a kai ko ba ya so.

Dalilin wannan tsanani ka gaya mana shi sau ɗaya kawai. Kana sabon tafinta a kotu, alƙali ya yi amfani da wata kalma da ba ka taɓa ji ba, ga mutum a tsaye cikin akwati yana jiran ka juya masa. Ka ce zuciyarka ta raya maka ka yi shaci-faɗi ka wuce, ba mai ganewa. Sai ka daure ka ce, "Ranka ya daɗe, ban san wannan kalmar ba." Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Alƙali ya yi maka bayani, sai ga shi a kan kalmar nan ne za a san ko mutumin zai kwana gida ko gidan yari. Ka ce dariyar ba ta wuce ranar ba, amma da ka yi shaci-faɗi da wani ya yi shekaru a ɗaure saboda kunyarka. Tun daga ranar ba ka ƙara jin nauyin cewa ba ka sani ba, kuma ba ka ƙara ganin girman wanda ke jin nauyin tambaya ba.

Duk da haka, kai ne sarkin jabu a teburin nan. A wasan an yarda mutum ya jera kalmar da ya san babu ita, in abokan wasa suka yi shiru ta zauna, ya ci makinsa. Kai ka iya wannan fiye da kowa. Sai ka jera wata aba mai kama da Turanci, ka gyara zama, ka ce sunan wata ƙaramar igiya ce da masu jirgin ruwa ke ɗaure tuta da ita, fuskarka ko gezau. Mu kuma mu dubi furfurarka mu haɗiye. Sai an tashi wasa za ka ce, "Af, waccan igiyar fa ni na tufka ta." In muka yi ca, sai ka ce laifinmu ne. Ka sha faɗa mana cewa duk wanda ya ƙi buɗe ƙamus don ganin furfurarka ya raina ka, domin ya ɗauke ka tsohon da ake lallaɓawa. A wurinka babu girmamawar da ta kai mutum ya dube ka ido cikin ido ya ce bai yarda ba. Mun ji wannan magana har ta gundure mu, kuma da ranar amfaninta ta zo ba wanda ya tuna da ita.

Alherinka ba a allo ya tsaya ba. Tsofaffin da ke zuwa kemis da takardar asibiti suna jin nauyin su ce ba su gane ba, kai ne kake jan su gefe ka karanta musu a hankali, ka maimaita, har sai sun faɗa maka da bakinsu sau nawa za su sha a rana. 'Yata ta fari ta faɗi jarrabawar Turanci, ta shiga ɗaki ta ce ita da makaranta har abada. Ka aika aka kira ta, ka zube mata haruffa a tire, ka ce ta jera sunan duk abin da ke cikin kicin ɗin gidanmu. Wata da watanni kana zama da ita kafin mu fara wasa. Yau tana koyar da Turancin a makarantar sakandare, kuma ta ce in rubuta cewa duk ɗalibin da ya faɗa mata kalma sai ta tambaye shi ma'ana.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne shekarar da uwar 'ya'yana ta rasu. Bayan an share makoki na koma shago, amma jikina ne kawai a wurin. Kowa ya shigo sai ya sassauta murya, ya yi mini magana kamar mai jinya. Kai kuwa da la'asar ta yi sai ka zo, ka shimfiɗa allo, ka miƙo mini jaka. Ka lallasa ni a ranar, ka lallasa ni kashegari, mako guda kana yi mini cin kaca. Na jera kalma da kuskure ka ce ba ka yarda ba, ka sa na kwashe. Da abin ya ishe ni na ce, "Haba Baba, ko ɗan tausayi babu?" Ka ce, "In na bar maka, ka san na ga ka karye. Ɗebi haruffa." Na ji haushinka ƙwarai a ranar. Da na koma gida kuma sai na tarar ina tunanin yadda zan rama gobe, karo na farko da na yi tunanin gobe tun rasuwarta. Ka nuna mini da hannunka yadda ake riƙe mutum in ya raunana. Ban da uzurin cewa ba a koya mini ba.

A bara ne abubuwa suka fara canzawa. Jabunka suka yi yawa, kuma suka daina kyau. Da can a mako ka shuka ɗaya, yanzu a zama guda sai ka jera uku. Wani lokaci ka juya haruffan kalmar da kowa ya sani, wani lokaci ka jera daidai amma ka ba da ma'anar wata kalmar daban. Kakan kuma daɗe kana kallon haruffanka kafin ka motsa. Da a wani wuri ne, da an ce tsohon nan ba shi da lafiya. Mu da muka san ka da dabara sai muka ce sabon salo ne. Lauya ya rantse cewa jinkirin nan tarko ne, kana so mu saki jiki. Muka shiga ce maka ba mu yarda ba a kai a kai, ana buɗe ƙamus ana samun babu, kana kwashe haruffa kana murmushi. Muka ɗauki murmushin nan a matsayin na wanda ya ɓoye wani abu a hannun riga.

A cikin wannan hali na ci ka wasa, abin da na yi shekaru ina nema. Ban ci da mutunci ba. Na miƙe tsaye, na kira mai shayi na ce ya zuba wa kowa, na ce a rubuta ranar a bango. Har na ce maka giwa ta faɗi. Ka yi dariya tare da mu, ka ce, "Ka yi ƙoƙari, Mai Kemis." Ni da nake wuni ina kallon masu ciwo, nake gane mai ciwon suga daga yadda ya shigo shago, na zauna da kai kullum tebur ɗaya ban ga komai ba, saboda idona yana kan maki.

Autarka ce ta buɗe mini ido. Ta zo kemis wata safiya, ta jira har mutane suka ragu, ta ce, "Kawu, wata alfarma nake nema. In kun tashi wasa a riƙa raka Baba gida." Na ce lafiya? Ta ce shekaranjiya ka wuce ƙofar gidanka, wani maƙwabci ne ya gan ka a bakin titi kana waige-waige ya dawo da kai. Sun kai ka asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma zai riƙa ƙaruwa. Ta ce ka sani, an gaya maka, amma ba ka son a yi ta zancen. Iyakar abin da ta roƙa ke nan, rakiya. Ba ta ce mu canza komai a wasa ba. Ina so wannan ya fito fili, domin kada wani ya ɗora mata abin da mu muka yi.

Da yammar ranar na tara Dogo da Lauya kafin ka iso, na gaya musu. Lauya ya dafe kai, ya tuna sau nawa ya sa ka kwashe haruffa yana tafi. Dogo ya yi ta share ido da gefen riga. Kunya ta kama mu, kuma kunyar nan ce ta ba mu shawara. Ni na fara faɗa, sauran suka amince: daga yau duk abin da Baba ya jera ya zauna. Ba mai cewa bai yarda ba, ba mai tambayar ma'ana. Muka ɗauke ƙamus daga kan tebur muka ɗora a kan taga, wai don kada ya tsone maka ido. Muka tashi muna ganin mun yi abin kirki.

Haka muka yi makonni. Ka jera daidai mu ce madalla, ka jera kuskure mu ce madalla. Ka koma cin wasa kullum. Da farko ka ji daɗi, har ka tsokani Lauya ka ce ina zafin kan. Daga baya sai ka fara jera kalma ka ɗago kai kana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ka tambayi inda ƙamus yake, Dogo ya ce tebur ne ya yi ƙanƙanta. Barandar da a da ake jin hayaniyarta daga titi ta koma shiru kamar ɗakin jiran likita. Ni nake raka ka gida, kuma a hanya ka daina ba ni labarin kotu.

Ranar da abin ya fashe, ranar Alhamis ce, kuma kana cikin hayyacinka sarai, domin ciwon yana da ranakun da yake sakinka. Ka zura hannu a jaka ka ɗebo bakwai. Ba ka ko jera su a gabanka ba. Yadda suka fito haka ka ɗora su a allo ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe zalla, abin da ko yaron firamare ya san ba kalma ba ce. Ka naɗe hannu kana jira. Lauya ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Dogo ya ɗauki biro ya fara haɗa maki. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na buɗe baki na ce, "Ma sha Allah, Baba, duka bakwai."

Ka ce, "Ba wanda zai tambaye ni ma'anarta?"

Dogo ya ce, "Ai mun yarda, Baba."

Ka ce, "Na ga alama. Tun yaushe?" Ka juyo gare ni. "Mai Kemis, da kai nake. Tun yaushe?"

Na ce, "Baba, shayinka zai huce."

Ka daɗe kana kallona. Sannan ka shiga tsince haruffan kana mayarwa jaka. Ka ce, "Ciwon nan yana kwashe mini kalmomi ɗaya-ɗaya, kuma ba ya gaya mini wadda ya ɗauka. Nan nake zuwa in ji wadda ta tafi da wadda ta rage. To yanzu wa zan tambaya?" Ka ɗauki sandarka. Na miƙe zan raka ka, ka ce in zauna, yau ka san hanya. Na bi ka daga nesa har ka shiga gida. Ba ka ƙara zama a kujerar nan ba.

Garin neman gira muka rasa ido. Kuma ko a nan ba mu gyara ba. Mun riƙa zuwa gaishe ka, mu zauna a falo mu yi zancen zafi da tsadar kaya, ka amsa mana da ladabi kamar baƙi. Lauya ya ce mu ɗauki allo mu je, mu ba ka haƙuri, mu ci gaba yadda aka saba. Ni na ce a bari ka huce tukuna. Gaskiyar magana, ba hucewarka nake jira ba, idonka nake jin kunyar haɗawa da nawa. Ana cikin a bari a bari jiki ya yi nauyi, ka daina fitowa falo, daga baya ka daina gane wasu daga cikinmu. Na yi ta cewa a raina mun raba ka da abin da ka fi so a ƙarshen rayuwarka, kuma ka tafi ba ka ƙara taɓa harafi ba.

Sai da muka shiga yi wa Inna, mai ɗakinka, gaisuwa na san ba haka aka yi ba. A gefen gadonka akwai ɗan tebur, a kansa wani tsohon allo da ban taɓa gani ba, da ƙamus wanda bangonsa ya saɓule, da gilashin ƙara girman rubutu. Inna ta ga ina kallo. Ita ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya na Turanci ba ta sani ba, kowa ya san wannan. Ta gyara mayafi ta ce:

"Ranar da ya dawo daga wajenku bai ci abinci ba. Kashegari ma haka. Sai na ce wa Auta ta sauko mini da allon nan daga kan kwaba. Na ce, Malam, zo mu yi. Ya ce, ke da ba ki san komai a ciki ba? Na ce, ai kai ka sani."

Ta ce nata haruffan zuba su kawai take yi yadda suka zo, kai kuma ka yi ta faɗa kana kwashewa. Amma duk abin da ka jera, ko mene ne, sai ta ce ba ta yarda ba. Dogo ya tambaye ta yadda take gane na kuskure. Ta ce, "Ina fa na gane? Shekara hamsin da ɗoriya ina ce masa ban yarda ba a gidan nan, sai a kan 'yan katako zan fasa? Malam in ba a yi masa gardama ba abinci ba ya shiga cikinsa." Sai ku buɗe ƙamus, kai da gilashinka, ko Auta in tana nan. In an samu kalmar, ka yi ta yi mata gori kana faɗin ma'ana har sai ta ce ya isa. In ba a samu ba, sai ka ce, "Wannan ma ta tafi," ka kwashe. Ita kuma ta ce, "To, Allah Ya raka taki gona, kawo wata." Kullum bayan la'asar haka kuke yi, lokacin da mu muke zaune a baranda muna kallon kujerarka.

Auta ta ce a ƙarshe kalmomin sun ragu ƙwarai, sai 'yan gajeru. Wasan ƙarshe da kuka yi, ka daɗe kana juya haruffa uku, sannan ka jera EWE. Inna ta ce ba ta yarda ba. Auta ta duba, ta ce akwai. Ka dubi Inna ka ce, "Tunkiya ce. Har kin taɓa kiwonta." Ka yi dariya, ka ce a kawo maka abinci.

Lauya, mai bakin da ba ya mutuwa a gaban alƙali, ya tashi ya fita waje. Inna ba ta yi mana gori ba, da ma ta yi da ya fi mana sauƙi. Cewa ta yi, "Na san don Allah kuka yi, 'ya'yan nan. Amma Malam ba a yi masa haka." Sannan ta ɗauki ƙamus ɗin ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce tun kana iya magana ka bar saƙo a kai shi bayan kemis, domin namu ya rasa shafuka a wajen ƙarshe. Na karɓa, na kasa ɗaga kai in yi godiya.

Yana nan a kan tebur yanzu, Baba, a tsakiya, inda na dā yake kafin mu mayar da shi taga. Ba mu buɗe allo ba tukuna. Dogo yakan leƙo bayan la'asar ya zauna kaɗan ya koma shago. Na san ihu ne bayan hari, amma ina roƙon gafararka a bainar jama'a, ni da na kawo shawarar, da waɗanda suka bi ni. Ka tambaye ni tun yaushe, na ƙi amsawa. Tun ranar da Auta ta zo kemis ne, kuma ni na fara.

Allah Ya jiƙan Baba Tafinta, Ya gafarta masa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya tabbatar da harshensa a wurin tambaya kamar yadda ya tsare harshensa a kan haƙƙin bayin Allah a duniya. Allah Ya saka masa da Aljanna Firdausi saboda kowane tsoho da ya karanta wa takarda da kowane yaro da ya koya wa kalma. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa da jikokinsa, musamman Auta wadda ta yi jinya ba ta gaji ba, da 'yan'uwa da abokan aikinsa na kotu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Inna, ke kuma Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da mafificin alheri. Mu uku muka haddace kalmomin, muka san dokokin, muka zauna da shi shekara da shekaru. Ke kaɗai kika ci gaba da yi masa gardama har ya koma ga Ubangijinsa.